Sandar Awon Wani

Damazin, bayan Ƙaramar Salla

Zuwa ga uwar ɗakina Muhsina, Uwar Rayan,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina tambayar lafiyarki da ta ɗiyarmu Rayan, da ta Baba Alamin, da fatan ciwon gwiwarsa ya yi sauƙi. Yaya Mai Wurno, yaya zafi, yaya haƙurin zaman gidan iyaye? Ni nan lafiya lau, sai kewarku.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Tun da aka ƙwace wayarki a hanya ba ni da inda zan yi magana da ke sai ta wayar Baba, ita kuwa duk gida ake ji. Ga shi a shingayen hanya waya ake fara buɗewa. Hausa da ajami kuwa, Ali direban hafila, bas ɗin nan da ke zuwa wajenku, zai sa ta cikin hularsa, wanda ya gani zai ce addu'a ce.

Dillanci ya mutu a hannuna. A Madani ina tsayawa tsakanin mai albasa da mai kuɗi in ci da bakina. A nan kowa dillali ne, babu mai kaya. Na duba garin nan da idon kasuwa, na ga abin da ya fi ƙaranci wurin kwanciya ne. Makarantu cike suke da mutanen Jazira da suka gudo daga yaƙi, dattawa masu furfura kwance a kan buhu. Duk wanda ya sami ɗan abin hannu, angarib, gadon nan na igiya, yake fara nema, ko da igiyarsa ta kaba ce mai kaushi.

Akwai wani kafinta a kasuwa, Usta Khalid, shi ke haɗa angarib. Matsalarsa ƙafafu. Injinsa na juya itace, wanda ake ce wa maharaɗa, ya ƙone tun bara, idonsa kuma ya fara rauni. Ya ce in na samo injin zai koya mini, kuma duk ƙafar da na fitar zai saya. Don haka na ɗaure abin da ya rage na kuɗin rakshar da muka sayar, keken hayarmu mai ƙafa uku, a ƙugu, na shiga neman maharaɗa.

Ya koya mini abin dubawa. Itace tsakanin tsini biyu ake maƙale shi ya riƙa juyawa, to, in an matso da tsinin nan dole su haɗu baki da baki. Sai ka girgiza kan injin ka ji ko boris ya saki. Sai tsawo, ya ɗauki ƙafar gado har da saura. Sai nauyi. Ya ce inji marar nauyi kamar miji marar nauyi ne, ana fara aiki zai kama rawa. Na ce masa matata ba za ta ji wannan magana daga bakina ba, ga shi kuwa kin ji.

Na ga ta baka a wurin wani tsoho, wadda ake ja da igiya da hannu ɗaya, ana riƙe ƙarfen sassaƙa da yatsun ƙafa. Arha gare ta, amma kafin in fitar da ƙafa huɗu Rayan ta yi aure. Na ga wadda wani mai walda ya haɗa da motar famfon ruwa. Da ya kunna ta, kofin shayin da ke kan benci ya kama tafiya da kansa. Na ga sabuwa 'yar Sin a cikin kwali, mai kyalli kamar amarya, kuɗinta ya ninka abin da ke ƙuguna, kuma tsawonta bai wuce na maburgi ba.

Ina cikin wannan sai ga ƙanenki Nasir, da agogo sabo da waya biyu. Ya ja ni muka haye kogi zuwa Rusairis, bayan wani shingen ƙaya, ya yaye tamfol. Muhsina, inji ne na ƙarfen zubi irin na da, mutum huɗu ba su ɗaga shi. Tsini ya sumbaci tsini. Na girgiza kan, ko motsi. Ya ce wani ne ya ba shi a madadin kuɗin lori. Kuɗin da ya faɗa bai kai na mai walda ba.

Ban nuna masa raina ya biya ba. Na ce fenti ya yi yawa, na ce zan yi shawara. Ki taya ni da addu'a.

Ki gaishe da Baba da Inna, ki sumbaci Rayan a goshi. Wassalam.

Mijinki,
Sadisu

Damazin, tsakanin Salloli

Uwar Rayan,

Sallama irin ta addini, da fatan kuna lafiya kamar yadda nake. Yaya Rayan da fitar haƙori? Yaya gwiwar Baba? Saƙonki ya iso, har da yajin da kika ƙulla, Allah ya saka da alheri.

Kin tambaye ni ina Nasir ya samo injin, kin ce Baba ya ce araha ba ta ado. Ki gaya wa Baba iya kuɗinka iya shagalinka. Na saya.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Na taya ƙasa da abin da ya faɗa, irin tayin da ake yi don a buɗe baki, ina jiran ya yi rantsuwa ya ce na zage shi. Sai ya ce albarka ba ta ƙare ba, in kawo. Tun da nake ciniki ban taɓa ganin mai kaya ya sallama a tayin farko ba sai in kayan na ƙona masa hannu. Bai ma ƙirga ba. Shi ya nemo karo, amalanken jaki, shi ya biya mai jakin, kuma ya ce a rufe da tamfol har mu haye gada.

Kada ki ɗaga hankalinki. A wanga zamani wane kaya ne ke da uba? Rabin abin da ke kasuwa, daga firiji har tabarmar masallaci, in ka tambayi asalinsa sai a kalle ka kamar ka yi tusa a taro. Ni kuɗina na ba da, da rana tsaka, ga ɗan'uwa.

Na kama ɗan shago kusa da rumfar Usta Khalid, inda wuta ke zuwa in ta ga dama. Injin ya zo da kyauta. A cikin buhu akwai ƙarafan sassaƙa naɗe a yankin mayafin mace, ƙotocinsu sun yi baƙi da santsi saboda shan hannu. Da na riƙe su sai na ji ba su zauna mini ba. Usta ya juya ɗaya a hannunsa ya ce mai su bahago ne, ga inda babban yatsansa ya ci itacen. Wajen da ake rubuta lambar injin kuma an goge shi da zarto an shafa kore. Ya duba wannan ma, ya koma rumfarsa.

Akwai kuma wata 'yar sanda mai faɗi, da ƙananan ƙusoshi jere a jikinta. Sandar awo ce. In itace yana juyawa sai ka manna ta, ƙusoshin su zana maka inda kowane ado zai faɗa. Ita wannan ta ba da zobe uku a sama, sai ciki kamar na gora, sai siririn wuya, sai ƙasa ta buɗe kamar ƙararrawa. Usta ya ce in jefar da ita in yanka tawa. Wai a sana'ar nan ana aron ƙarfe, ana aron inji, amma ba a aron sandar wani, domin da ita ake gane hannun mutum. Na ce masa Usta, wanda ke koyon tafiya ba ya tsara rawa. Ga abu a shirye, mai kyau, me zai sa in ɓata itace ina ƙirƙira?

Na ɓata bagaruwa ba kaɗan ba. Sau ɗaya ƙarfe ya cije, itacen ya tashi ya wuce ta gefen kunnena ya fasa tulun mai shayi. Amma yanzu hannuna ya fara faɗawa. In injin nan yana gudu ba ka jin komai sai wani siririn kuka, ɓawon itace na zuba kamar taliya. Angarib na farko da ƙafafuna bai wuni a rumfa ba. Na jera wasu ƙafafun a ƙofar shago don talla.

In abin ya ɗore, bayan Layya zan kama ɗaki mai ƙofa in aiko ku taho. Gadon farko da zan yi don kaina naki ne.

Gaisuwa ga kowa da kowa. Na bar ki cikin amincin Allah.

Naki,
Sadisu

Damazin, bayan Layya

Muhsina,

Assalamu alaikum. Barkanku da Salla, Allah ya maimaita mana. Ina fatan ke da Rayan da su Baba kuna lafiya. Nan hadari ya fara haɗuwa kullum da la'asar, amma bai zuba ba tukuna.

Ki karanta wagga takarda ke kaɗai.

Kafin Salla wata mata ta tsaya a ƙofar shagona, da farin mayafi irin na masu takaba ko malaman makaranta, ban tantance ba. Ta ɗauki ƙafa ɗaya daga cikin na talla. Ba ta kalle ta ba, yatsu ta sa tana bin zobban ɗaya bayan ɗaya, har ta sauka kan ƙararrawar. Na buɗe bakin talla, na ce Hajiya bagaruwa ce ta bakin kogi, jikanki ma zai gada. Ta leƙa cikin shago ta daɗe tana kallon injin. Sai ta tambayi kuɗin ƙafa ɗaya. Na yi dariya na ce gado mai ƙafa ɗaya sai shamuwa. Ba ta yi dariya ba. Ta biya ba tayi, ta sa ta cikin mayafi ta tafi.

Daga ranar mutanen Jazira suka daina saye. Suna zuwa dai, biyu biyu, uku uku, su tsaya daga nesa su kalla su wuce. Wasu dattawa suka zauna wurin mai jabana da ke fuskantar shagona, suka sha kofi tun hantsi har azahar. Na yi musu sallama, suka amsa rabinta.

Usta Khalid ne ya bi diddigi ya zo mini da labarin. Adon nan na wani ne, Usta Abdussalami na Hillat Ɗanjuma, can cikin Jazira. Bahaushe ne ɗan'uwanmu, kuma bahago. Duk ƙauyukan da ke bin wannan magudanar ruwa, a kan ƙafafun gadon da ya sassaƙa aka haife su, a kansu aka zaunar da amarensu, a kansu ake ɗaukar mamatansu zuwa maƙabarta. Ko makahonsu ya shafa zobe ukun nan ya san hannun wane ne. Lokacin da 'yan bindigar nan masu babura suka shiga ƙauyen, kowa ya gudu, shi ya zauna a ƙofar shagonsa. Da aka dawo, a nan aka sami gawarsa, shagon kuwa ko ƙusa babu. A kan ƙyauren ƙofa aka ɗauke shi, mutumin da ya yi wa kowa abin ɗauka. Matar nan ɗiyarsa ce, Hanaa sunanta.

Usta bai ce ya gaya mini ba. Da ya faɗa da ya fi mini sauƙi.

Kin san ni ba na rasa dabara. Na kwashe ƙafafun talla na ɓoye. Na yanka sabuwar sanda tawa, amma gadajen da na riga na sayar suna cikin gidajen mutane, ba zan bi su in ƙwato ba. Na nemi mai walda in ba shi injin ya ba ni nasa mai rawa, ko sisi kada ya ƙara. Ya ce shagonsa ya yi ƙanƙanta. Na je wurin mai sayen tsohon ƙarfe, wanda ko murfin rijiyar gwamnati ka kai masa zai auna. Ya ce ma'auninsa ya lalace. Na yi tunanin kogi, to wa zai taya ni ɗauka, kuma a gaban idon wa?

Abin da ke ba ni tsoro ba asarar ba ce. Lajanar unguwa, kwamitin tsaron nan, ta fara bin waɗanda aka samu da kayan Jazira, kuma akwai kalmar da ake liƙa wa mutum yanzu, a ce ya yi aiki da waɗancan masu baburan. Wanda aka liƙa wa ita ba ya samun lokacin yin bayani. Mu kuma Hausawan garin nan kin san ba a daɗe da daina nuna mu da yatsa ba.

Na haye Rusairis neman Nasir. Bayan shingen ƙayar an share shi tas, ko sawun taya babu. Wani ya ce ya ga ya hau motar Makwar, hanyar gida ke nan. Ki gaya mini gaskiya ta bakin Ali, ko yana gida? Kada ki tambaye shi komai, kada Baba ya ji.

Allah ya tsare mu da tsarewarsa. Ki gaishe da Rayan.

Mijinki,
Sadisu

Damazin, farkon damina

Uwar Rayan, sanyin idona,

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ki. Yaya jikinki, yaya Rayan, yaya Baba da Inna? Ina fatan ruwan bai shiga ɗakin Inna ba kamar bara. Ni jikina lafiya.

Ali ya gaya mini. Nasir yana zauren Baba, ba ya fita ko masallaci, kuma yana wasa da Rayan a tsakar gida. Na gode da ba ki ɓoye mini ba.

Hanaa tana da ƙane, Sharfuddeen, yana cikin samarin da suka ɗauki bindiga bayan abin da ya faru. Ya zo shagona da hantsi, cikin jallabiya fara, hannunsa babu komai sai ƙafar nan da yayarsa ta saya. Ya yi sallama cikakkiya, ya tambayi iyalina, ya ce ya ji suna Mai Wurno, Allah ya raya. Ni ban taɓa gaya masa ba. Ya ɗora ƙafar a kan injin, ya shafa ƙarfen kamar mai shafa wuyan doki. Ya ɗauki ɗaya daga cikin ƙarafan ya riƙe da hagu, na ga ya zauna masa.

Ya kira ni Usta, kamar wani gwanin sana'a, ni da ban cika damina ɗaya a sana'a ba. Ya ce shi ba ya zargin mai saye, hannu yake bi. Kayan mahaifinsa hannu hannu suka bi suka watse, shi ma hannu hannu yake binsu yana komawa baya. Ya riga ya samo janaretar shagon. Na so in tambayi abin da ya sami wanda aka same shi da ita, sai na ga Usta Khalid daga rumfarsa yana girgiza mini kai.

Na shirya masa labari mai kyau, na wani mutum a tashar lori, mai rawani, wanda ban san sunansa ba. Na sa masa gishiri daidai, har ni kaina na fara ganin mutumin. Ya saurara har ƙarshe yana murmushi. Ya ce ya ji ni dillali ne a Madani, dillali kuwa yana iya manta sunan ɗansa, amma ba ya manta wanda ya sallama masa kaya.

Sai ya ba ni aiki. Angarib guda, da sandar mahaifinsa, ba da tawa ba. In kai shi ranar Juma'a bayan an sauko, makarantar da mutanen Hillat Ɗanjuma ke zaune, tare da injin da ƙarafan. Dattawansu za su zauna, in zo musu da sunan. Na tambayi tsawon da zan yi, domin kowane gado da awon mai shi. Ya dube ni daga hula har takalmi, ya ce in yi daidai tsawona zai wadatar.

Ali ya ce akwai kujera a gaba, in ina so ko a yau. Na auna abin kamar yadda nake auna kowane ciniki. In na hau hafila, sun san inda hafilar ke tsayawa, za su biyo ni har ƙofar Baba. In na faɗi sunan, ƙofar nan dai za su zo, kuma ba dattawa ne za su zo ba. Ke kina ciki, Rayan tana ciki. Na juya shi ta kowace fuska ina neman inda riba take, ban samu ba. Abin da ya rage shi ne in tsaya a kan mai rawanina na tashar lori, in maimaita shi ko sau nawa aka tambaya. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, kuma ni na san abin da nake saye tun ranar da aka sallama mini a tayin farko.

Kada ki ɗauka don Nasir nake yi. In na gan shi yau sai an raba mu. Ki same shi a gefe ki ce ya bar gidan kafin Juma'a, ya yi nisa, kuma kada ya gaya miki inda za shi. Ni ma kada a gaya mini. Abin da ban sani ba babu mai fitar da shi daga bakina. Baba ki ce masa Nasir ya sami aikin lori.

Zan tafi da rana, ta tsakiyar kasuwa, babu tamfol, kowa ya ga abin da ke kan karon. Usta Khalid ya ce zai raka ni, kuma ya yi wa limamin masallacinmu magana, bai dai ba da amsa ba tukuna. Wataƙila dattawan su karɓi kayansu su kore ni da zagi. Wallahi in haka ta faru zan yi sadaka.

Na gama ƙafafun jiya. Su ne mafi kyau da na taɓa fitarwa, ƙarfe bai cije ko sau ɗaya ba. Usta ya haɗa, muka saƙa igiyar tare. Ɗazu da azahar da ya tafi alwala na hau na miƙe a kai don in ji ko igiyar ta ɗaure. Ta ɗaure. Kaina a kan wannan katako, dugadugaina a kan wancan, ko yatsa babu rara.

Kada ki aiko da amsa ta hannun Ali, an fara tambayarsa abin da ke cikin hularsa. Ki ƙona wagga da sauran ukun. In kin ji shiru bayan Juma'a, ki nemi Usta Khalid, shi kaɗai. Ki yafe mini kuɗin raksha. Ki ce wa Rayan Abbanta yana gaishe ta, ki roƙi Inna ta sa ni a addu'a ba tare da kin gaya mata dalili ba.

Na ba Allah ajiyarku, shi da ajiyarsa ba ta ɓata. Wassalamu alaikum.

Mijinki har kullum,
Sadisu